Muhawara a kan littattafan Hiccup da dodonsa: barkwanci mai ma'ana ne ko cika shafi?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo mana jerin littattafan Cressida Cowell, marubuciya 'yar Birtaniya, waɗanda aka fi sani da sunan na farkonsu, How to Train Your Dragon, domin mu tattauna a kansu kafin mu sa su cikin waɗanda muke ba iyaye shawarar su nema wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12. Littattafai 12 ne, na farko ya fito a 2003, na ƙarshe kuma a 2015, kuma ita marubuciyar ce ta zana hotunan da ke ciki da hannunta.

Ga wanda bai karanta ba, labarin wani yaro ne mai suna Hiccup, ɗan sarkin wata ƙabila ta mutanen Viking, wato mayaƙan teku na arewacin Turai na zamanin da, da ke zaune a tsibirin Berk. Yaron siriri ne, ba shi da ƙarfin damtse, ba shi da amon murya, ga shi ya tashi a cikin mutanen da ke auna namiji da faɗin ƙirjinsa da iya tsawarsa. Dokar ƙabilar ita ce kowane yaro sai ya shiga kogon da dodanni masu fukafukai suke barci, ya sato ɗan ƙarami guda, ya hore shi, in kuwa ya kasa a kore shi daga ƙabilar. Hiccup ya samo nasa lafiya, amma sai ya ba abokinsa Fishlegs wanda ya fito hannu rabbana, ya koma cikin duhu ya lalubo wani, aka duba aka ga mafi ƙanƙanta ne a cikin dodannin duka, kuma ko haƙori ɗaya ba shi da shi a baki. Shi ne Toothless, wato marar haƙori.

Abin da ya sa na tsaya wa littattafan nan shi ne wani wuri a littafi na farko. Yaran suna da wani kundi da ake girmamawa, wanda wani farfesa ya rubuta a kan horar da dodanni, amma da Hiccup ya buɗe shi sai ya tarar shawara ɗaya tak ke ciki, wato ka daka wa dodon tsawa, gwargwadon ƙarar tsawarka gwargwadon biyayyarsa. Yaro mai karatu zai yi dariya a nan, amma a cikin dariyar ce aka shuka tambayar da ke ɗauke da littattafan 12 duka: me wanda ba shi da murya zai yi a duniyar da tsawa ce kaɗai hanyar mulki? Hiccup ya koyi harshen dodanni, abin da mahaifinsa ya haramta, ya koma yana lallashin Toothless da ba shi labaran ban dariya domin ya kamo masa kifi. A ganina barkwancin nan shi ne hujjar labarin, kuma ina so in ji ko kun yarda.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta biyu na farko tare da ɗana mai shekara 9, kuma ban fito da irin yabon da kika fito da shi ba. Na yarda wurin kundin farfesan nan ya yi armashi, amma a kowane wuri ɗaya irinsa akwai wurare da yawa da dariyar ba ta wuce ta gyatsa da majina da bahaya ba. Malamin da ke horar da yaran laƙabinsa ma na gyatsa ne, ɗan baffan Hiccup da ke cin zalinsa sunansa na majina ne, shi kuma ɗan dodon yana yin ƙazantarsa inda bai kamata ba, an mai da abin abin tafi. Yara ba sa bukatar littafi ya koya musu irin wannan dariya, domin suna da ita tun kafin su iya karatu.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne yadda aka zana manya. Mahaifin Hiccup, Stoick, an nuna shi ƙato mai saurin fushi da jinkirin fahimta, malamin yaran kuma ba ya buɗe baki sai da zagi. Idan yaro ya shafe shafi ɗari biyu yana ganin cewa duk babba wawa ne, yaro ne kaɗai mai hankali, me muke tsammanin zai ɗauka? Wannan tambaya ce ta uba, kuma ina yin ta da gaske.

Aminu:
Malam Sani, ina neman izinin in sa baki, domin ni ina cikin waɗanda suka karanta littattafan nan suna yara, na kuma sake bin su bayan na girma. Gaskiya ne cewa Stoick na littafi na farko mutum ne da ba ya saurare, amma ba wawa aka nuna shi ba. Uba ne mai son ɗansa ƙwarai wanda bai san yadda zai yi da ɗan da bai yi kama da shi ba. A littafi na farko, lokacin da yaran duka suka faɗi jarrabawar saboda dodanninsu sun kaure da faɗa a gaban jama'a, doka ta ce a kore su, shi kuma a matsayinsa na sarki dole ya zartar da hukuncin a kan ɗansa na cikinsa. Ko ina yaro na ji nauyin abin da ke zuciyar mutumin nan. Yayin da littattafan suke tafiya kuma ana ganin Stoick yana koyon sauraron ɗansa a hankali, ba tare da ya daina zama mai hargagi ba, kuma a wajena wannan ya fi gaskiya a kan a ce ya sauya hali dare ɗaya.

Kuma ba duk manyan aka zana haka ba. Akwai kakan Hiccup na wajen uwa, Old Wrinkly, tsoho mai natsuwa wanda shi ne yake kwantar wa yaron hankali, yana nuna masa cewa ƙabilar tana bukatar shugaba mai tunani fiye da mai ƙarfi. Yaro mai karatu yana ganin bambancin da ke tsakanin babba mai tsawa da babba mai hikima, ba a ce masa duk ɗaya ba ne.

Malam Sani:
Na ji bayaninka, Aminu, amma ka lura kana kare littafi na farko da abin da ya faru a na gaba. Yaro da yawa ba zai wuce na biyu ko na uku ba. Dole kowane littafi ya iya tsayuwa da ƙafarsa.

Malam Lawal:
Ni ta fuskar tarihi zan shigo, tunda shi nake koyarwa. Duk wanda zai ba yaro littattafan nan ya kamata ya gaya masa tun farko cewa ba tarihin mutanen Viking yake karantawa ba. Zamanin Viking, kamar yadda masana suka saba ƙayyade shi, ya fara ne daga harin da suka kai tsibirin Lindisfarne na Ingila a 793 ya ƙare a wajen 1066. Amma a littafi na uku sai ga sojojin Rum da sansaninsu suna sace yara, alhali Romawa sun bar Birtaniya tun wajen 410, daular Rum ta yamma kuma ta faɗi a 476. Tazarar ta haura shekara ɗari uku. Haka kuma hulunan ƙarfe masu ƙaho da aka zana wa kowa, babu shaidar cewa mayaƙan Viking sun shiga yaƙi da irinsu. Masu zane da masu wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa wannan siffa.

Littafi na huɗu kuwa gaba ɗayansa a kan neman dankali ne, domin shi ne maganin wani dafi, kuma mutanen labarin suna ɗaukarsa abin almara da ke fitowa daga wata ƙasa da ba su yarda akwai ta ba, wato Amurka. A zahiri dankali ɗan Kudancin Amurka ne, bai shiga Turai ba sai ƙarni na 16. Abin da ke da tushe a nan shi ne cewa mutanen arewacin Turai sun taka Arewacin Amurka a wajen shekara ta 1000, kuma an tono mazauninsu a Newfoundland da ke Kanada. Damuwata ita ce yaro ba ya iya rarrabe wanne ne gaskiya wanne ne wasa idan babu wanda ya nuna masa.

Malama Hadiza:
Malam Lawal, na gode da waɗannan shekarun, sun ƙara mana haske. Sai dai ina ganin marubuciyar ba ta ɓoye wasan ba. An gabatar da littattafan ne a matsayin tarihin rayuwa da Hiccup ya rubuta bayan ya tsufa, ita kuma Cowell ta ce fassarawa kawai ta yi daga tsohon harshen mutanen arewa, kuma duk yaron da ya ga dodo yana in-ina yana neman a ba shi labari kafin ya yi aiki ya san ba a aji yake ba. Batun dankalin ma dariyarsa ba ta tashi sai mai karatu ya san abin da jaruman ba su sani ba, wato cewa abin da suke tsoron ambaton sunansa abu ne da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Wannan irin dariya tana sa yaro ya ji yana da ilimi, kuma daga nan ne yake fara tambayar daga ina abin ya fito, yaushe kuma ya zo. Tambayar da kake so ɗalibi ya yi maka ke nan.

Malam Lawal:
Na yarda da rabin maganarki. Dankalin yana jawo tambaya, amma Romawan ba sa jawo ta, domin yaro ba shi da abin da zai sa ya yi shakka. Abin da nake roƙo kawai shi ne idan za mu rubuta sharhi ga iyaye, a sa layi biyu da ke faɗin haka.

Hajiya Binta:
Sannunku da ƙoƙari. Ni jikokina nake karanta wa, kuma abin da zan faɗa daga bakin gado na gan shi. A ƙarshen littafi na farko akwai wurin da wani ƙaton dodon teku ya haɗiye Hiccup, sauran dodannin duk sun gudu sun bar iyayen gijinsu, domin an riga an gaya mana cewa dodo ba ya yin komai sai don kansa. Shi kuma ɗan Toothless, wanda tun farkon littafin ba abin da yake yi sai son kai da tsiwa da ƙin aiki, sai ya juyo ya shige cikin hancin ƙaton dodon yana yi masa cakulkuli har ya yi atishawa ya fyato yaron. Jikata ƙarama tana dariya har tana riƙe ciki saboda hancin da atishawar, yayanta kuma ya yi tsit, can sai ya tambaye ni me ya sa ya dawo tunda ba wanda ya tilasta shi. Abu ɗaya suka ji, ita ta ɗauki dariyar, shi ya ɗauki tambayar.

Malam Sani, shi ya sa ban goyi bayan a raba majinar da ma'anar ba, domin a wannan wurin a haɗe suke. Da ɗan dodon ya ceci yaron ta hanyar jarumta irin ta manya, da labarin ya ƙaryata kansa, tunda abin da yake nunawa shi ne ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban ce kowace ƙazanta da ke ciki tana da irin wannan aiki ba, akwai waɗanda nake tsallakewa in ina karantawa a bayyane, amma wannan ta ci kuɗinta.

Gargaɗina yana wani wajen daban. Littattafan ƙarshe ba irin na farko ba ne. Daga na takwas zuwa sama akwai yaƙi, akwai cin amana, akwai ƙone garuruwa, akwai mutuwar wanda yaro ya saba da shi. Mai shekara 7 da ya ji daɗin na farko bai kamata a miƙa masa na goma sha ɗaya a wannan shekarar ba.

Malam Sani:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, misalinki ya shige ni, kuma na karɓe shi a kan wannan wuri ɗaya. Bari in kawo abu na biyu da na ajiye. Mutanen labarin suna rantsuwa da abubuwan bautarsu, Thor da Woden, a kusan kowane babi, suna roƙonsu in sun shiga tsanani, kuma kakan nan da Aminu ya yaba mai duba ne. Ta yaya kike bi da wannan in kina karanta wa yara ƙanana?

Hajiya Binta:
Na gaya musu tun shafin farko cewa waɗannan mutane ne na wani zamani da ke bauta wa abubuwan da suka ƙirƙira, kuma muna karanta labarinsu ne kamar yadda muke karanta labarin kowace al'umma da ta shuɗe. Yara suna fahimtar wannan fiye da yadda muke zato. Na kuma lura cewa a cikin labarin ba a ganin waɗannan abubuwan bauta sun sauko sun warware matsala. Abin da ke fitar da Hiccup kullum shi ne lura da tunani da taimakon abokansa. Duban kakan ma sau da yawa abin dariya aka mai da shi saboda yawan kuskurensa. Duk da haka ba zan ce wa kowane uba ya ɗauki abin da sauƙi ba. Wanda ya ga yaronsa bai kai ya rarrabe ba, ya jira, ko ya zauna su karanta tare, kuma lallai a ambaci wannan a sharhin domin kada wani ya saya bai sani ba.

Zainab:
Ina gaishe da manya. Ba a taɓo hotunan ba, kuma a ganina rabin barkwancin a cikinsu yake. Cowell tana zane ne kamar na yaro mai gaggawa, da layuka a karkace da ɗigon tawada da rubutun hannu a gefen shafi, har da taswirori da katunan da ke bayyana kowane irin dodo da makinsa na tsoro da gudu da girma. Idan wani ya yi tsawa sai haruffan su kumbura su cika shafi, maganar dodanni kuma da nata salon haruffa daban. Ga yaron da ke jin tsoron shafi mai cike da rubutu, wannan babban taimako ne, domin idonsa yana samun wurin hutawa. Na ga yaran da suka rufe littafin suka ɗauki fensir suna ƙirƙiro nasu dodannin da nasu makin, saboda zanen bai fi ƙarfinsu ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne 'yan mata. A littafi na farko da na biyu kusan babu yarinya ko ɗaya da ke da rawar takawa. Sai a na uku Camicazi ta bayyana, 'yar sarauniyar wata ƙabila ta mata zalla, ƙarama mai surutu, gwanar takobi da kuɓuta daga kurkuku. Da ta shigo labarin ya ƙara rai sosai, amma yarinyar da ta fara daga farko sai ta haƙura da littafi biyu kafin ta ga irinta. Mahaifiyar Hiccup kuma, Valhallarama, kullum tana can wajen yawon jarumta, ba ta samu wuri na sosai ba sai can gaba.

Sai kuma a gaya wa iyaye cewa fim ɗin da kamfanin DreamWorks ya yi daga littattafan a 2010 da waɗanda suka biyo shi a 2014 da 2019 labari ne daban. Yaron da ya zo yana neman Toothless na fim, baƙin dodon nan babba da ake hawa, zai tarar da ɗan kore mitsitsi mai tsiwa, kuma Astrid, yarinyar da ke fim ɗin, ba ta cikin littattafan.

Aminu:
Anti Zainab ta taɓo wurin da nake ganin shi ne zuciyar al'amarin. A fim, mutane da dodanni abokan gaba ne da suka koyi zama tare. A littattafan kuwa tun shafin farko dodannin suna hannun mutane, ana sato su suna jarirai, ana yi musu tsawa, ana sa su farauta da ɗaukar kaya, kuma mai karatu yana dariya bai ga laifin komai ba, domin mutanen labarin ma ba su gani ba. Sai a hankali marubuciyar take juya fitilar. A littafi na bakwai Hiccup ya haɗu da mutanen da aka bautar a cikin jirgin ruwa, aka buga masa tambarin bayi a kai, ya riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin hularsa domin duk mai wannan tambari ya rasa matsayinsa. A na takwas ya kwance wani babban dodo mai suna Furious da aka daɗe da ɗaurewa, shi kuma ya fito da alwashin tayar da dodanni duka su kawar da mutane. A na tara tambarin ya tonu a gaban jama'a, yaron ya zama korarre.

Abin da ya girgiza ni da na kai nan shi ne na gane cewa kundin farfesan da na yi wa dariya a littafi na farko, mai cewa a yi tsawa kawai, shi ne tushen yaƙin da ake yi a na ƙarshe. Furious mugu ne mai ban tsoro, amma ƙorafinsa gaskiya ne, kuma littafin bai ɓoye hakan ba. Malam Sani ya ce kowane littafi ya tsaya da ƙafarsa, kuma ina girmama wannan, amma da ba a sa ni dariya da farko ba, da ban ji kunyar dariyar daga baya ba, kuma wannan jin shi ne abin da na fi tunawa.

Malam Lawal:
A nan kam labarin ya taka tarihi na gaskiya. Bauta ginshiƙi ce a tattalin arzikin mutanen Viking, suna kama mutane a hare-harensu suna sayarwa, kuma Dublin ta ƙasar Ireland tana cikin manyan kasuwannin bayi na yammacin Turai a wancan zamani. Littattafan yara da yawa a kan Viking suna tsayawa ne a kan jiragen ruwa da gatura su yi shiru a kan wannan. Idan jerin nan ya kai yaro ga wannan tambaya, to ya yi abin da ya fi gyara shekarun Romawa muhimmanci, ko da yake har yanzu ina son layukana biyu.

Malama Hadiza:
Za ka same su, Malam. Domin kada a ce na zo yabo kawai, bari in faɗi inda nake ganin jerin ya yi rauni. Littattafan tsakiya, daga na huɗu zuwa na bakwai, suna bin sawu ɗaya: darasi ya lalace, yaran su faɗa hannun wani mahaukacin sarki ko wani sabon dodo, kowa ya fid da rai, Hiccup ya fito da dabara. Babban abokin gabarsa, Alvin, sau da yawa ana ganin ya hallaka sai ya sake dawowa ya rasa wata gaɓa ta jikinsa, kuma tun yana ba da dariya har ya fara gundura. Babba mai karanta su a jere zai ji maimaicin, ko da yake yara suna son abin da suka saba da shi fiye da mu.

Amma akwai ladan haƙuri. Tarkacen da Hiccup yake tsinta a waɗannan tafiye-tafiye ba da niyya ba, kamar tsohon takobin nan na littafi na biyu da kowa ya raina domin akwai wanda ya fi shi ƙyalli, daga baya sai a gane suna cikin abubuwa goma da suka ɓace na wani tsohon sarki, waɗanda sai wanda ya tara su zai gaji sarautar. Ba zan lissafa su ba domin kada in ɓata wa masu karatu, sai dai in ce yaron da ya kai wurin yakan koma ya ɗauko littattafan baya yana bincike da kansa. Haka kuma yaron nan mai cin zali da Malam Sani ya ambata, wanda aka sa masa sunan majina, abin da ya faru da shi a littafi na goma sha ɗaya yana cikin wurare mafi nauyi a jerin duka, kuma nauyin ya zo ne daga cewa mun daɗe muna ɗaukarsa abin dariya da tsana kawai.

Malam Sani:
To, kun nuna mini cewa ginin ya fi yadda na hango daga littafi biyu. Duk da haka ban janye maganata a kan yawan ƙazantar ba, domin ana iya rage rabinta ba tare da labarin ya rasa komai ba, kuma ina so sharhin ya faɗi haka ƙarara maimakon a lulluɓe shi da cewa yara suna so. Akwai gidajen da ba a yin irin wannan wasa, kuma suna da haƙƙin su sani kafin littafin ya shiga hannun yaro. Zan ci gaba da na uku tare da ɗana, tunda shi yana ta tambaya, in ga wannan Camicazi da Zainab ta yaba.

Zainab:
Akwai wani abu da ya kamata a ƙara domin yaran da Turanci ba shi ne harshensu na farko ba. Jimlolin ba su da wuya, amma akwai kalmomin da marubuciyar ta ƙirƙira, da harshen dodanni wanda wasa ne da sautin Turanci, da laƙabobi masu ma'ana biyu, kuma yaro zai iya wucewa bai ji dariyar ba, ko ya ɗauka kalmomin gaske ne ya je nemansu a ƙamus. Karatu a bayyane yana warware yawancin wannan. Akwai kuma na saurare da ɗan wasan kwaikwayo David Tennant ya karanta, yana ba kowane mutum da kowane dodo muryarsa, kuma yaro yana iya bin shafin da ido yana saurare. Kaurin littattafan ma yana ƙaruwa, na ƙarshe ya ninka na farko, saboda haka wanda ya fara da ƙaramin ƙarfi yana samun lokacin da zai ƙaru tare da su.

Hajiya Binta:
Malama Hadiza, in za ki rubuta, ki raba shekarun gida biyu. Na ɗaya zuwa na bakwai daga shekara 8, ko ƙasa da haka kaɗan in babba ne ke karantawa, na takwas zuwa na goma sha biyu kuma daga shekara 10. Ki kuma ce a bi su a jere, domin na farkon ana iya tsallake wani ba a ɓata ba, amma daga na takwas labari ɗaya ne mai ci gaba.

Malama Hadiza:
Na ɗauka, Hajiya. Zan sa rabon shekarun kamar yadda kika faɗa, da layukan Malam Lawal a kan Romawa da hulunan ƙaho, da batun Thor da Woden, da ƙorafin Malam Sani a kan ƙazanta da sunansa na ƙorafi ba tare da na sassauta shi ba, da jinkirin shigowar 'yan mata da bambancin fim da littafi. Aminu, ina so ka rubuta sakin layi ɗaya a kan littattafan ƙarshe ba tare da ka tona abin da ya faru ba, ka turo mini in haɗa. Malam Sani, idan kun gama na uku ka dawo ka gaya mana abin da ɗanka ya ce game da Romawan, domin mu ga ko ya yi tambayar da Malam Lawal yake cewa ba za a yi ba.